Kazar da Baba Ya Zo da Ita

Da Baba ya tashi daga ciwon shanyewar ɓarin jiki, likita ya ce kada ya ƙara zama shi kaɗai. Ɗansa ya je da mota ya ɗauko shi zuwa gidan hayarsu da ke hawa na uku. Baba bai ɗebo wani abin kirki ba, sai jakar kaya da rediyo da wata tsohuwar jar kaza a cikin kwali. Ita kaɗai ta rage cikin kajin da marigayiya matarsa ta kiwata.

Surukarsa, wadda yake kira Malama saboda koyarwa take yi, ta gyara wa kazar wuri a baranda, kusa da injin wanki. Nan Baba yake wuni a kujerar roba, yana watsa mata tsaba da hannunsa mai lafiya, yana yi mata hira. Ta daina ƙwai tuntuni. Ɗan yakan tsokane shi, wai an kawo musu 'yar fansho, sai ci ba aiki. Baba sai ya ce, "Mun zama mu biyu ke nan."

Ba a jima ba maƙwabciyarsu ta ƙasa ta fara ƙorafi, kashin kaza yana ɓata mata shanya. Mai kula da ginin ya hawo ya ce dokar gidan ba ta yarda da kiwo ba. A hankali ya yi maganar daga bakin ƙofa, amma Baba ya ji.

Ɗan ya ce zai nemi wanda zai riƙe ta. Baba ya girgiza kai.

"Wa zai ciyar da kazar da ba ta ƙwai? Kana juya baya za su sa mata wuƙa. Gara mu ci abinmu."

Ranar Asabar da safe mai gadi ya yanka ta a bayan gini, don hannun Baba ba ya riƙe wuƙa. Baba bai sauka ya gani ba. Malama ta fige ta a kicin. Da ta buɗe cikinta sai ta tarar da ƙwai guda, ɓawonsa bai gama tauri ba. Ta daɗe tana kallonsa a tafin hannunta. Sai ta naɗe shi a leda, ta tura ƙasan kwandon shara, ba ta faɗa wa kowa ba.

Baba ya jawo kujerarsa zuwa ƙofar kicin.

"Kada ki yayyanka ta, Malama. Sukutum za ki gasa ta."

Gidan ba wurin hura gawayi, tandar murhun gas kuma ta daɗe da lalacewa. Sai eya-firaya, wata tukunyar lantarki mai aljihu da ke gasa abu da iska mai zafi. Dankali da fukafukai kawai Malama ta taɓa sawa a ciki. Ta tsane kazar da tsumma mai tsabta, ta murza mata gishiri da tafarnuwa da citta da ɗan mai, ta cusa rabin lemon tsami a cikinta. Ƙafafun suka ƙi shiga aljihun, sai da ta ɗaure su da zare. Ta kifa ta a kan ƙirji, ta tura aljihun, ta murɗa makunnin. Injin ya kama gurnani.

"Ina wutar?" in ji Baba.

"Babu wuta, Baba. Iska ce kawai."

Ya kasa kunne ga gurnanin injin. Can ya fara ba ta labarin yadda matarsa ta tsinci kazar tana 'yar tsako a cikin ruwan sama, ta sa ta a aljihun rigarta har ta bushe. Bai ƙarasa ba ƙamshi ya cika kicin, shi kuma ya bar maganar a nan. Malama ta jawo aljihun, ta juya kazar da cokula biyu, maiƙo yana tsartsatsi, ta mayar.

Da azahar suka zauna cin abinci. Fatar ta yi ja, ta yi ƙaras-ƙaras, amma naman tsohuwar kaza ne, wuƙa ma da ƙyar take shiga. Baba ya sa tsoka ɗaya a baki, ya yi ta juya ta da gefen bakin da ke motsi. Daga baya ya kau da kai ya fitar a cikin hankici.

"Gishiri ya yi daidai," ya ce. "Ku cire cinya ɗaya a kai wa matar ƙasa. Maƙwabciya ce."

Ɗan ya buɗe baki zai yi magana, Malama ta taɓa hannunsa. Ita ta kai da kanta.

Da la'asar matar ta dawo da farantin a wanke. Ba ta san wace kaza ta ci ba. Ta yi ta yabon gashin, tana tambayar da me aka yi shi haka babu hayaƙi.

"Malama, nuna mata injin," in ji Baba.

Ya dafa bango ya miƙe a hankali, ya shiga ɗakinsa ya tura ƙofa.