Waken Ƙarshe Na Baba Iri

Ina cikin kafa hannun riga matar Baba Iri ta leƙo ta saman katanga ta ce yana kirana. Na ce mata ina zuwa, amma ban ɗaga ƙafata daga kan keken ɗinki ba, don na san abin da yake so.

Baba Iri maƙwabcinmu ne, malamin aikin gona a jami'a. Ya daɗe yana jagorantar wani aiki da suka yi da wata jami'ar ƙasar waje, suna bin ƙauyuka suna tattaro tsofaffin irin wake da gero da manoma suka fara watsarwa, suna adanawa a ɗakin sanyi. Da tallafin ya ƙare, baƙin suka yi masa godiya suka hau jirgi. Jami'a ta ce ba ta da halin man janareta, ba a jima ba aka cika ɗakin da karyayyun kujeru. Shi kuwa ya loda kwalabensa a bayan tsohuwar motarsa ya dawo da su unguwa.

A cewarsa, iri in ya rasa sanyi to sai ƙasa: a shuka, a girbe, a ajiye sabo, kowace damina. Sai ya bi mu gida-gida yana rabawa, har da waɗanda bokiti ɗaya ne gonarsu. Nan ya samo sunan. Mai gyaran babur na unguwarmu ya ajiye nasa a kicin, matarsa ta ga wake mai kyau ta dafa wa yara. Baba Iri ya daina amsa gaisuwarsa, daga baya ya huce ya kai masa wani iri mai ɗacin da ko akuya ba ta kallo.

Ni kaɗai na ƙi karɓa. Duk abin da na shuka mutuwa yake yi, unguwa ta shaida. Ga shi wanda ya rage a hannunsa shi ne mafi tsufa, wani jan wake da bai cika tafin hannu ba, wanda ya ce ko a ƙauyen da aka samo shi an daina nomawa. In daminar nan ta wuce bai shiga ƙasa ba, shi ke nan.

Da matar ta sake leƙowa, kunya ta tashe ni. Na same shi a kwance, ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu. An jingina masa waya da filo, yanzu ya gama nuna wa wata tsohuwar abokiyar aikinsa ta ƙasar waje hotunan bokitanmu. Kwalbar jan waken tana kan ƙirjinsa.

"Baba, ku ba wani. Ni hannuna ba shi da albarkar shuka."

"Ba hannunki ba ne, 'yata, tausayinki ne. Ina ganinki ta taga, safe ruwa, rana ruwa, yamma ruwa." Ya tsaya ya ja numfashi. "Wannan ba ya son a dame shi. Ki shuka ki manta da shi, yadda kike mantawa da ɗinkin mutane."

Matarsa ta yi dariya har da hawaye, don akwai yadinta a wurina tun bara. Na yi niyyar ramawa, sai na ga ya miƙo min kwalbar. Na karɓa da hannu biyu. Ban taɓa jin tsoron abu kamar 'yan ƙwayoyin nan ba.

Washegari da hantsi ya cika, Allah ya ji ƙansa. Na yi kuka sosai, fiye da yadda na zata maƙwabci zai sa ni. Mai gyaran babur ma ya zo ya zauna a ƙofar gidan.

Da ruwa ya sauka na shuka rabi a bayan ɗakina, na ajiye rabi saboda na san halina. Sai ruwan ya ɗauke. Ƙasa ta bushe ta fara tsagewa, ba abin da ya fito. Ina ɗinki ina leƙe, har na haɗa wa wata riga hannu a baibai.

Wata safiya na kasa daurewa, na ciko buta na nufi wurin. Na tarar matar Baba Iri ta riga ni, tana tsugune. Ta karɓi butar daga hannuna ta ajiye a gefe, ta jawo ni ƙasa kusa da ita. A cikin tsagar ƙasar wani ɗan kore ya lanƙwaso kai, da jan ɓawonsa har yanzu a maƙale.