Gyaran da Na Rubuta a Gefe

A gidanmu ba a sa alƙalami cikin rubutun na gaba da kai. Idan ka ga kuskure a littafin malaminka ko na yayanka, komai girmansa, sai ka rubuta gyaranka a gefe da ƙananan baƙi, ka bar matanin yadda yake. Mai shi ya ga dama ya ɗauka, ya ga dama ya bari. Haka kakanninmu suka yi a Limancin Kona, unguwarmu a birnin Zariya, haka aka koya mana tun muna wanke allo. Na je na karanta kwamfuta har na zama mai koyar da ita, amma wannan tarbiyya ba ta sake ni ba.

Sunana Sumayya, ni ce auta. Mahaifinmu Malam Abubakar Siddiƙ ya rasu ina zanin goyo. An haife ni cikin azumi, ya yi tafsirinsa na wannan shekarar har ya rufe, bayan salla ya kwanta bai tashi ba. Inna ta sha gaya mini cewa a addu'ar rufe tafsirin ya ambaci 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kaina ya faɗi sunana ya maimaita. Ni ban taɓa ji ba. Kaset ɗin yana cikin akwatin ƙarfe a ɗakin zaure tare da sauran, kuma an hana kowa kunna su tun da ɗaya ya tsinke a rediyon Baffa Lado, ƙanen mahaifinmu. Abin da nake so a duniya ke nan, in ji ubana ya kira sunana.

Yaya Abdulwahab ne babba a ɗakinmu. Yana aikin kwamfuta a Abuja, kuma tun da aka ba shi mota a ofis bai ƙara jin maganar kowa a cikin ganuwa ba. Shi ya kwashe kaset-kaset ɗin ya tafi da su, ya aro wata babbar kwamfuta a wurin aikinsu, ya shiga juye muryar Malam a ciki. Ban hana shi yabonsa ba, ya sha wahala. Danshi ya ci zaren, wasu ana kunna su sau ɗaya baƙin jikinsu ke zubewa kamar garin gawayi, ba su ƙara magana. Na shekarun ƙarshe sun fi lalacewa, don masu araha ne. Wato abin da ya shiga kwamfutar nan shi ke nan, babu na biyu.

Kwamfutar kuwa ta aro ce. Dokar ofishinsu ita ce a goge ta ƙal kafin a mayar, irin gogewar da ake bin wurin da wani rubutu a danne, ba mai iya tono komai. Don haka Yaya ya rubuta ɗan shiri da zai kwashe komai ya zuba a faifan ajiya na gida, sannan in an danna maɓalli ya goge kwamfutar. Ya turo mini shirin a waya, ba don in duba ba, don in ga yadda manya ke aiki.

Na buɗe shi a taminal, baƙin allon nan da ba hoto sai rubutu. Kafin ya fara kwashewa, shirin yana buga lambobi biyu: girman abin da za a kwashe, da sararin da ya rage a faifai. Dukansu a bayit yake ba da su, ɗan ƙaramin ma'aunin kwamfuta, ƙwaya-ƙwaya, a jere kan layi ɗaya, ba waƙafi ba tazara. Na gwada da nawa faifan, sai ga wasu dogayen lambobi sun miƙe kamar jerin tururuwa. Sai da na sa farce a gilashi ina ƙirgawa kafin na san wacce ta fi.

Na kira shi. Na ce, "Yaya, lambobin nan ba sa karantuwa. A sa musu waƙafi bayan kowane uku, a ɗora ɗaya kan ɗaya su daidaita ta dama."

Ya ce, "Ke, waƙafi na 'yan koyo ne. Mu a wurin aiki haka muke karanta su."

"Idon mutum ne zai karanta, Yaya."

"Idan wani shiri zai ɗauki lambar ya yi aiki da ita fa? Waƙafinki ya rikita shi. Ba a koya muku wannan ba?"

Na ce an koya mana, amma a nan babu wani shiri da ke jiran lambar, daga shi sai idonsa. Na ƙara da cewa shirin nasa idan faifai ya cika ba ya ƙorafi, shiru yake yi ya wuce ya ce an gama. Ya yi wata 'yar dariya da na tsana tun ina ƙarama, ya ce in je in ji da ɗalibaina. Ya kashe wayar ina cikin magana.

Wallahi raina ya ɓaci. Gyaran bai fi layi uku ba, na rubuta shi kafin shayina ya huce. Na kai yatsa zan share layinsa in sa nawa, sai na kasa. A shirin kwamfuta akwai wurin da ake rubuta sharhi, wanda mutum ke gani amma na'ura ba ta bi ta kansa. Nan na zuba gyarana, a gefen layinsa, har da "Allah ya ƙara wa Yaya basira" a ƙarshe, na mayar masa. Da na gaya wa Inna ta ce na kyauta, haka 'yar gidan malamai ke yi. Shi kuwa ko buɗewa bai nuna ya yi ba.

Ranar Asabar da hantsi ya iso Zariya, da niyyar juyawa a ranar. Motarsa ba ta shiga lungunmu, sai a bakin titi ya bar ta, ya rungumo kwamfutar da kansa yana haki. Aka shimfiɗa darduma a zaure. Baffa Lado ya zauna, tsofaffin ɗaliban Malam suka cika wurin, wasu da sanda. Mu mata muna soron ciki, ni ina tsaye a bakin ƙofa inda nake hango allon ta saman kafaɗarsa.

Ya jona faifan, ya kunna shirin. Layin ya fito yadda na san zai fito:

bukata 1083021179040 sarari 612044851200

Daga inda nake ba na iya ƙirga su, baƙaƙen sun yi ƙanana. Yaya ya kalle su kallo ɗaya ya ce wa Baffa, "Ka gani, ɗaya muke nema, shida gare mu. Har jikoki sa zuba nasu."

Na ce, "Yaya, a ƙirga su tukuna."

Bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Wa ya kira ki?"

"Gyaran da na rubuta maka, ka duba?"

"Na ga wani surutu a gefe. Da yana da amfani ai da ba a gefe yake ba."

Wani tsoho ya yi dariya. Kunya da haushi suka kama ni. Shi da ya fi kowa sanin dalilin da ya sa na rubuta a gefe, shi ne yau yake mini gori da shi a gaban mutane. Baffa Lado ya ɗaga hannu ya ce, "Sumayya, koma ciki. Ba a yi wa na gaba gyara a bainar jama'a." Na ja baya taku kaɗan, amma ban koma ba.

Kwashewar ta ɗauki lokaci, har aka yi azahar aka ci tuwo. Daga bisani allon ya rubuta an gama. Yaya ya buɗe fayil na farko a sabon faifan ya kunna, sai ga murya ta cika zauren, siririya, mai sauri, tana jan baƙi tana fassarawa. Tsofaffin nan suka fara share ido da bakin rawani. Inna ta dafa bango ta zauna a ƙasa. Ni kuwa ban taɓa jin muryar ba sai ranar. Amma wannan tafsirin tun kafin a auri Inna ne, ba shi nake jira ba.

Na ce, "A kunna na ƙarshe."

Yaya ya ce, "Na ƙarshe sai bayan la'asar, idan su Gwaggo sun iso. Ba don ke kaɗai aka yi aikin nan ba."

"To kar ka goge sai an ji shi."

"Gogewar tana cin lokaci, ni kuma hanya zan bi. Kin ji da kunnenki yana aiki."

Na shigo zauren, abin da ban taɓa yi ba idan akwai baƙi maza. Na ce, "Don girman Allah, Yaya, ka ba ni minti ɗaya in duba faifan."

Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Ni na saya miki kwamfutarki ta farko. Yau ke za ki duba aikina?" Yana kallona ya danna maɓallin gogewa, ko allon bai duba ba.

Bayan la'asar gida ya cika. Gwaggo Batul ta zo daga Ƙofar Kuyambana da 'ya'yanta, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka shigo da kwamfutar. Inna ta sa aka zaunar da ni kusa da ita, ta riƙe hannuna. Yaya ya gangara ƙasan jerin fayilolin yana neman shekarar ƙarshe. Na ga yatsansa ya tsaya. Ya hau sama, ya sake gangarowa. Jerin ya ƙare a tsakiyar wani azumi, shekaru kafin a haife ni, fayil na ƙarshen ma rabi ne.

Ya ce wai faifan ne bai gama buɗewa ba. Ya cire ya sake jonawa. Ya koma cikin kwamfutar ofis ɗin kanta yana buga umarni iri-iri, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ita kuwa fes take kamar yau aka sayo ta. Gwaggo ta tambaya ko wuta ce ta yi ƙasa.

Ban nemi izinin kowa ba. Na janye kwamfutar daga gabansa, na buɗe shirin daga wayata, na share layinsa na ɗauko nawa daga gefe na sa a tsakiya. Lambobin safe suna nan a hoton allon da ya ɗauka ya tura wa abokansa da mu 'yan gida yana alfahari. Na ba shirin su, ya buga:

bukata  1,083,021,179,040
sarari    612,044,851,200

Na juya allon ya fuskanci jama'a. Inna ba ta yi boko ba, amma ta sunkuya ta duba, ta sa yatsa a kan ta ƙasan. Ta ce, "Wannan ai ba ta kai ta saman ba."

Na ce, "Ba ta kai ba, Inna. Kusan rabin karatun Malam bai samu wurin shiga ba."

Baffa Lado, da ya shigo tsakar gida don sauraron addu'ar, ya buɗe baki ya dubi layin da na share, ya dube ni. Na tsaya ina jira ya ce na taɓa rubutun na gaba, don na shirya masa amsa. Ya mayar da bakinsa ya rufe, ya shiga jan carbi.

Yaya ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Da kin yi mini bayani sosai."

Na ce, "Na kira ka, ka kashe waya. Na rubuta, ka ce surutu ne. Na roƙe ka da girman Allah a gaban mutane. Da wane yare kake so in yi maka?"

Na ji na tsane shi, tsana ta gaske, kuma ban ji kunyar jin hakan ba. Amma akwai abu ɗaya da ya rage a hannunsa, dole na sauke murya. Shi ne ya juye kaset ɗin ƙarshe, shi kaɗai ne ya kunna shi kafin zaren ya zube.

Na ce, "Yaya, kai ka ji shi. Faɗa mini yadda ya ce. Kalmomin kawai, yadda ya jera su, da abin da ya roƙa mini."

Ya dubi Inna, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Suna da yawa, Sumayya. Nakan kunna ne in rage sauti in ci gaba da wani aikin."

"Har na ƙarshen?"

"Har shi."

Inna ta saki hannuna a hankali. Ta gyara mayafinta, ta share maƙogwaro, ta ce bari ta gwada tunawa. Ta fara da sunan Yaya, ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya yadda Malam ya jera su. Da ta zo kaina ta faɗi sunana, ta maimaita, sai ta tsaya tana motsa leɓe. Ta ce, "Akwai abin da ya ce bayan nan. Ya daɗe, 'yar nan, ya ɓace mini."