Daddawar Baba Okuda

Shekara biyu Nasidi ya yi yana tuƙa Baba Okuda, wani dattijon injiniya mutumin Japan, daga Doha zuwa Ras Laffan inda ake aikin iskar gas. Su fita da sassafe, su dawo bayan la'asar. Tsohon ba ya zama a baya kamar sauran manya, gaba yake shiga kusa da direba, kuma ba ya son rediyo. Saboda haka duk abin da cikin Nasidi ya faɗa a hanya, a kunnensa ne.

Cikin kuwa ba ya rufa wa mai shi asiri. Tun da Nasidi ya baro Gwarzo ya sauka a Sanaiya, unguwar ma'aikata a Doha, abincinsa kubus ne, wato burodin Larabawa, da shayi, sai shinkafar 'yan Indiya mai iyo cikin mai. Ciki ya kumbura ya yi tam, a kwana uku bai zagaya ba, in ya tashi ƙugi kuwa sai ka ce tsohon janareto aka tayar. Nasidi yakan yi tarin ƙarya don ya rufe ƙarar. Baba Okuda kuma yakan juya kai yana kallon hamada, kamar akwai abin kallo a cikinta.

Wata ranar Lahadi, a tsakiyar zafin shekarar da Doha ke shirin wasannin Asiya, tsohon ya fito da wata roba mai murfi a naɗe cikin ƙyalle, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Miso," in ji shi. "Na cikinka ne."

Nasidi ya karɓa ya yi godiya, ya tambaya ko babu giya ko naman alade a ciki. Tsohon ya ƙirga masa da yatsu: wake, shinkafa, gishiri, shi ke nan. Daga nan ya shiga dogon bayani da Turancinsa mai sauri, yana nuna robar, yana nuna ciki, yana murɗa hannu a iska. Nasidi a aji huɗu ya bar makaranta, Turancinsa na tuƙi ne, dama da hagu da tsaya nan. Ya tsinci kalmar kaza, ya tsinci kalmar miya, sauran duk suka wuce ta kansa. Amma yaya za ka dubi dattijo da ya ba ka kyauta ka ce ya sake faɗa? Ya yi ta gyaɗa kai har aka gama.

Da ya koma ɗaki ya buɗe murfin, ƙanshin ya doki hancinsa, sai ga shi a tsakar gidansu yana yaro.

"Daddawa ce!" ya faɗa da ƙarfi.

Abokin ɗakinsa Dramani, wani makanike ɗan Zangon Kumasi, ya leƙo daga gadon sama ya shinshina. "Massa, wannan daddawa bai gama ba. Ɗanye ne. Tsohonka ya sauke shi da wuri."

Abin da Nasidi ma ya gani ke nan. Sana'ar Innarsa ce, ya tashi yana taya ta wanke kalwa, ya kuma san daddawar da aka bari da laima tsutsa take yi. Firjin ɗakinsu guda ne, na mutum takwas, in ka sa abu da safe kafin dare ya zama na kowa. To, don kada kyautar mutum ta lalace a hannunsa, sai ya wanke hannu ya kwashe ta tsaf, ya mulmula, ya faffaɗa ta ƙanana-ƙanana yadda Inna ke yi, ya jera a kan kwali ya kai saman bene. Kwana uku rana ta Yuli tana dukanta. Da ya je ɗauka ta yi baƙi ƙirin, ta yi tauri kamar facin taya. Har daɗi ya ji a ransa, ya ce ya gyara wa tsoho aiki.

Ran Juma'a ya sayo rabin kaza. Ya daka daddawar guda uku da gindin kwalba, ya zuba tun ruwa bai tafasa ba, ya bi da dunƙule biyu da gishiri, ya bar tukunya tana ɓararraka awa guda. Dramani ne ya fara ɗanɗanawa. Ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba.

"Nasidi, wa ya yi maka laifi a ɗakin nan? Faɗa mana mu ba ka haƙuri."

"Mene ne?"

"Ka ɗebo teku ne ka dafa? Ko kazan nan da ya mutu, yanzu yana jin ƙishirwa."

'Yan ɗaki suka yi ta dariya. Aka wanke naman da ruwan famfo aka ci da kubus, romon kuwa aka zubar a kwata. Sauran baƙaƙen guda tara Nasidi ya naɗe su cikin jarida ya tura ƙasan akwatinsa.

Da aka koma aiki, tsohon na shiga mota ya dafa nasa cikin. "Yaya?"

Fuskarsa a sake take, irin ta wanda ke jiran labari mai daɗi. Nasidi ya ji bakinsa ya riga shi.

"Lafiya lau, Baba. Magani ne sosai."

Haka aka yi ta yi. Kowace safiya tambaya ɗaya, amsa ɗaya. Nasidi ya daina karyawa kafin ya fito, don kada ciki ya ƙaryata shi a hanya, sai yunwa ta sa ƙugin ya ƙaru. A mako na uku tsohon ya gaya masa a hankali, yadda zai gane, cewa ba a kanti aka sayi mison ba. Matarsa ce take yi da hannunta a ƙauyensu, a cikin wata tukunyar katako, shekara guda cur yake kwana kafin a buɗe. Roba biyu ta ba shi ya taho da su, ɗaya ce ya ba Nasidi. Ya ce ya gaya mata ta waya cewa yaron Najeriya ya warke, ta yi murna har ta gaya wa maƙwabta.

"Saura nawa?" ya tambaya.

"Da yawa, Baba."

"Madalla. Nawa ya ƙare, cokali ɗaya ya rage. Ran Juma'a ka zo gidana da naka, mu dafa kaza tare."

Nasidi ya amsa da to.

Dramani ya kawo shawara iri-iri. A ce an sace. A ce firji ya mutu. Ko kuma a shiga manyan kantunan cikin gari a nemo irinsa a juye a robar. "Wake ne fa, massa. Ina zai sani?"

"Girkin matarsa ne," in ji Nasidi. "Kai in aka ba ka miyar kasuwa aka ce ta uwarka ce, ba za ka gane ba?"

Dramani ya sosa ƙeya. "To sai ka ce ka tafi asibiti."

Bai tafi asibiti ba. Da aka sauko daga masallaci ya ɗauki ƙunshin jaridar ya sa a aljihun riga, robar kuma da ya wanke ya riƙe ta a leda. Duk tsawon hanya yana shirya magana, yana rushewa.

Baba Okuda ya buɗe masa ƙofa sanye da ƙyallen girki. A kicin an riga an yanka cinyoyin kaza ƙanana, ga citta an kankare, ga albasa mai lawashi, shinkafa na turiri a gefe, ƙaramar tukunya na kan wuta da ruwan romo. Kwano biyu ya jera, da cokali a gefen ɗaya saboda baƙo. Ya miƙo hannu ya karɓi ledar, ya ji ba nauyi, ya buɗe murfin. Babu komai sai ƙanshin sabulu.

"Ka cinye?"

Ga mafita ta samu. In Nasidi ya ce e, an wuce wurin, tsohon ma dariya zai yi. Ya dubi kwanukan nan biyu. Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro ƙunshin, ya ajiye a kan tebur ya warware. Rubutun jaridar har ya manne a jikin wasu.

Tsohon ya gyara tabarau ya sunkuya. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ƙwanƙwasa a bakin tebur, ta yi ƙara kamar dutse. Ya shinshina. Nasidi ya so ƙasa ta tsage. Da guntun Turanci da guntun Larabci da hannu ya ba da labari: Inna, kalwa, laima, tsutsa, saman bene, kwana uku.

"A rana?" in ji tsohon. "Wannan ranar?" Ya nuna taga.

"E, Baba."

Baba Okuda ya ja kujera ya zauna. Wannan karon a hankali ya yi magana, kalma ɗaya-ɗaya. Ya ce abin nan mai rai ne. Akwai wasu ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani, su ne matarsa ke kiwo shekara guda, su ne a ƙasarsu ake cewa suna gyara hanji. Sanyi suke so. Ba a tafasa su, sai an kashe wuta ake damawa a romo. Ya sake murɗa hannu a iska, sai yanzu Nasidi ya gane murhu yake kashewa.

"Sun mutu ke nan?"

"Tun ranar farko."

Can tsohon ya ɗago ya dube shi, ba da faɗa ba.

"Cikin fa?"

"Yana nan yadda yake, Baba."

"Mako uku."

Nasidi ya kasa ɗaga kai. Shanya daddawa rashin sani ne, kowa na iya yi. Amma safiya goma sha biyar yana duban fuskar dattijo yana cewa lafiya lau, wannan da saninsa ya yi, kuma maganar ta ƙetare teku ta shiga gidajen mutanen da bai taɓa gani ba.

"Ka yafe mini, Baba. Kunya ce ta hana ni."

Tsohon bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya tashi ya ɗauko abin kankare citta, ya goga baƙar guda ɗaya har ta zama gari, ya lasa, ya yamutsa fuska. Ya jiƙa garin da ruwa kaɗan da zuma, ya miƙa wa Nasidi ya ce ya shafe naman da shi, kada ya ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya. Suka soya a ƙaramar wuta, gefen naman ya yi ja, kicin ya cika da ƙanshi mai ɗan ƙauri.

Sannan ya buɗe firji ya fito da tasa robar. Ya kashe wutar romo, ya jira ya daina motsi. Ya kankare gindin robar da cokali, kusurwa-kusurwa, har ya tara abin da bai cika cokalin ba. A kwano ɗaya kawai ya dama, ya tura gaban Nasidi.

"A'a, Baba. Wallahi ba zan iya ba. Shi ke nan gare ka."

"Ni cikina lafiya. Sha."

Nasidi ya ɗauki kwanon da hannu biyu. Romon da ɗumi, ba zafi, ya sauka a hankali. Daɗinsa ne ya fi ba shi kunya. Tsohon yana cin tasa shinkafar da kaza, yana kora ruwa bayan kowace loma, don gishirin ya fi yadda ya so.

"Gobe matata za ta kira," ya ce bai ɗago ba. "Kullum sai ta tambaye ka."

"Ka gaya mata abin da na yi."

"Duka?"

Nasidi ya dubi sauran romon da ke kwanon. "Duka, Baba. Har da mako ukun."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya tura masa farantin kaza.