Jiƙaƙƙen Hannun Riga

Shekara talatin da ɗaya Kálmán da Vilmos suna zama gefe da gefe a gasar mutum bibbiyu ta ƙungiyar masu fatsa ta garinsu, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ɗayansu ya yabi ɗan'uwansa ba. Kálmán yakan ce Vilmos na jefa ƙugiya kamar mai korar kaji. Vilmos yakan ce ba don shi ba, da Kálmán bai taɓa ganin kifi ba sai a faranti. A haka suka ɗauki kofi sau shida, a haka gashinsu ya yi fari.

Bana ne kan Vilmos ya fara yoyo. Da fari makullin gida ya sa a firji, aka yi dariya. Daga baya ya bar tukunya a kan wuta ya fita neman matarsa Piroska a kasuwa, alhali shekara huɗu ke nan da binne ta. Wannan kam ba wanda ya yi dariya. 'Yarsa Ildikó, wadda ke aikin jinya a garin Szolnok, ta samo masa gado a wani gidan kula da tsofaffi kusa da ita.

Ranar Asabar Kálmán ya tare ta a ƙofar gidan uban, hularsa a hannu, shi da bai taɓa roƙon kowa ko gishiri ba.

"Baba Kálmán, ba mugunta ba ce," in ji ta. "Ni ma fa ba barci nake yi ba."

"Na sani, 'yata. Ki bar mini shi zuwa lokacin da ruwa zai daskare. Wata biyu ne kacal. A bakin tafki lafiyarsa ƙalau, ki zo ki gani da idonki."

Ta ce, "To. Gobe zan zo wajen gasar lokacin awon kifi. In ya wuni lafiya, na bar maka shi sai sanyi ya shigo. In wani abu ya faru, jibi zan tafi da shi, kuma don Allah kada ka sake roƙona."

Da wannan alkawarin a wuyansa Kálmán ya iso tafki da safiyar Lahadi, yana ɗauke da kayan mutum biyu. Hazo ya kwanta a kan ruwa, ana jin tarin tsofaffi kafin a ga fuskokinsu. A gaban rumfar ƙungiya an riga an rataye tukunyar farfesu a kan wuta, ƙamshin albasa da jan barkono ya fara tashi. Benedek, sakataren ƙungiya, tsohon ma'aikacin gidan waya wanda ke ɗaukar dokar gasa kamar daga sama aka saukar da ita, yana zagayawa da hularsa cike da takardun ƙuri'a.

Vilmos ne ke zaro musu ƙuri'a tun fil azal. Ya sa hannu a hular, ya zaro, ya tsaya yana kallon takardar kamar wasiƙa ce daga wata ƙasa. Kálmán ya leƙa ta kafaɗarsa da sauri.

"Sha bakwai! Kai tsohon nan, hannunka yana nan da sa'arsa."

"Sha bakwai kuma?" in ji Ödön mahauci, wanda ya sha zuwa na biyu a bayansu. "A binciki hular nan. Ko dai Benedek yana cin kifinku ne?"

"Kai ko a bahon wanka aka ajiye maka kifi, sai ya kuɓuce maka," in ji Vilmos, ko kallonsa bai yi ba.

Aka kwashe da dariya, Kálmán ya fi kowa. A ransa ya ce ina ma Ildikó tana nan ta ji wannan.

Lamba sha bakwai tana can ƙarshen tafki, ƙarƙashin dogayen bishiyoyi, inda ruwa ke da zurfi kuma manyan ponti ke kiwo, kifayen nan masu kaurin wuya da ɗan gashin baki. Kálmán ya kafa kujeru biyu, ya zura dogayen ragogin ajiyar kifi biyu cikin ruwa. Tun jiya da yamma ya ɗaɗɗaure ƙugiyoyin Vilmos, ya jera su a akwatinsa yadda shi Vilmos ke jera su, don ya buɗe ya zaci aikin hannunsa ne. Wata uku ke nan yana wannan satar. Yana zargin rabin 'yan ƙungiya sun gane, amma mutanen nan sun iya kawar da kai idan sun ga dama.

Tsarin gasar ba wuya gare shi. A busa ƙaho, a yi awa biyar ana kamu, duk kifin da aka kama a zura shi cikin raga yana raye. A sake busa ƙaho, kowa ya janye sandarsa ya naɗe hannu, ba mai taɓa raga sai Benedek ya iso da sikeli. Bayan an auna an rubuta, sai a mayar da kifi ruwa, a shanya raga a kan ciyawa. A da, juye su ake yi daga kan gaɓa kamar shara. Vilmos ne ya tashi a taron ƙungiya shekara ashirin da suka wuce, ya buga tebur, ya ce wanda ba zai durƙusa ya sallami kifi da mutunci ba, ya koma buga karta. Tun daga ranar shi ke nuna wa sababbin shiga yadda ake yi: gwiwa a laka, hannu cikin ruwa har kafaɗa, a tallafi kifi ta ciki har sai ya kaɗa wutsiya ya tafi da kansa.

Ƙarfe bakwai aka busa ƙaho.

Abin da Kálmán ya faɗa wa Ildikó ba ƙarya ba ne. Da sanda ta shiga hannun Vilmos, sai mutumin ya dawo. Ya soka dafaffiyar masara a ƙugiya ba tare da ya duba ba, ya jefa ta faɗa daidai bakin ciyawar ruwa, inda kwano ma ba zai zauna ba. Kafin hazo ya washe ya fitar da uku.

"Kana kallo ko? Ka koya, ba kullum zan kasance ba."

"Rufe mana baki, kana korar mini kifi."

Wajen ƙarfe tara Vilmos ya buɗe jakar abinci, ya ga burodi da kyafaffen nama da albasa a naɗe cikin tsumma.

"Piroska ta manta barkono."

"Ta manta," in ji Kálmán, wanda shi ne ya naɗe abincin. "Ka yi mata faɗa in ka koma."

"Ni? Kana so a kwana da ni a waje?"

Kálmán ya yi dariya, ya juya fuskarsa wajen ruwa. Abin yana masa ciwo, ciwo na gaske. Sau uku Vilmos ya tambaye shi yau wace rana, sau uku ya amsa masa kamar tambayar farko ce.

Ana saura awa ɗaya, sandar Vilmos ta lanƙwashe har kanta ya sha ruwa. Doka ta hana kowa taɓa sandar wani, don haka Kálmán ya zauna yana kallo, hannayensa a matse tsakanin cinyoyi. Minti ashirin tsohon yana fama da kifin, ya sassauta masa, ya janyo, ya sake sassautawa, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin doki. Da kifin ya fito, Ödön da ke lamba sha shida ya miƙe tsaye ya cire hula.

"Wannan ai ɗan maraƙi ne. Shi ke nan, na sake zama na biyu."

Ko ba sikeli Kálmán ya san sun wuce kilo sittin. Ba kofin ne ya dame shi ba, akwai shida suna shan ƙura a gida. So yake Ildikó ta tsaya a nan, ta ji Benedek ya ɗaga murya ya faɗi nauyin, ta ga ubanta a tsakiyar maza ana dukan kafaɗarsa.

Sai dai Kálmán shekararsa saba'in da uku, kuma ya sha shayi kofi biyu da safe. Tun ƙarfe goma fitsari ya matse shi. Ya ƙi tashi. Ya canja zama, ya cije leɓe, ya ƙirga agwagi, don ba ya son barin Vilmos shi kaɗai ko na minti ɗaya. Da aka busa ƙahon tashi ƙarfe goma sha biyu, gumi ne ke zuba a goshinsa. Ya hango Benedek da sikelinsa can a lamba ta uku, tafiyar rabin awa kafin su iso. Ödön ya riga ya tafi kallon awo.

"Vilmos, zauna nan. Kada ka taɓa komai. Yanzu zan dawo."

"Je ka, kafin ka ƙara wa tafkin ruwa."

Ya zaga bayan bishiyoyi. Jikin tsufa ba ya sauri a wannan sha'ani, sai da ya tsaya ya jira, ya dafa bishiya yana tsine wa shayi. Ko minti goma bai yi ba.

Da ya dawo, ragogin biyu suna shimfiɗe a kan ciyawa, an miƙar da su tsaf, an ɗauraye, an danne bakinsu da dutse don iska. Vilmos yana durƙushe a laka, hannayensa cikin ruwa har kafaɗa, yana tallafe da babban kifin. Kifin ya yi numfashi sau biyu, ya kaɗa wutsiya, ya nutse a hankali.

"Sauka lafiya, dattijo," in ji Vilmos.

Hannunsa bai manta komai ba. Ƙaho, sallamar kifi, shanya raga. Awon da ke tsakiya ne kawai ya zube daga kansa. Kálmán ya tsaya cak. Bai yi faɗa ba. Ya kama Vilmos ya tashe shi, ya zaunar da shi a kujera, ya kakkaɓe masa gwiwa iyakar abin da zai kakkaɓu.

Suka iso, mutum wajen goma sha biyar, don labarin ɗan maraƙin ya riga ya zaga tafki. Benedek a gaba da sikeli, Ödön yana ta ba da labari da hannu biyu, Ildikó a baya cikin farin takalmi, tana tsallake laka. Suka ga ragogi a shanye.

"Ina kifin?" in ji Benedek.

"Na sake su," in ji Kálmán. Ya ɗaga murya don na baya su ji. "Ni na sake su. Na ɗan gyangyaɗa, na farka na zaci an riga an auna. Vilmos ya yi ta hana ni, ban ji ba. Tsufa ne, Benedek. Rubuta mana sifili."

"Kai Kálmán, kilo sittin ka..." Ödön ya fara, sai wani ya taka masa ƙafa, ya haɗiye sauran.

Benedek ya dubi Kálmán, ya dubi Vilmos. A shekara talatin bai taɓa rubuta abin da bai gani da idonsa ba, bai kuma taɓa barin laifi ya wuce ba tare da ya karanto sashen doka ba. Yau bai karanto komai ba. Ya zana sifili, ya ce, "Yakan faru," ya ɗauki sikelinsa. Mutanen suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kowa idonsa a ƙasa.

Ildikó ba ta bi su ba. Kálmán ya ga inda idonta ya sauka. Hannun rigarsa a bushe yake ƙayau, har da karin guga. Na ubanta kuwa ruwa ne ke ɗiga daga gwiwar hannu zuwa yatsu, ɓawon kifi guda yana manne a wuyan hannunsa. Sai a lokacin ya tuna cewa ruwa yana nan taku uku daga inda yake tsaye, kuma ya samu minti ashirin cur bai tsoma hannu a ciki ba.

"'Yata..."

"Na ji, Baba Kálmán," in ji ta a hankali. "Na gode."

Ta ɗauki tawul daga kan akwati, ta durƙusa gaban ubanta, ta shiga goge masa hannu yatsa bayan yatsa. Ba ta yi kuka ba, shi ne ma abin da ya fi yi wa Kálmán zafi. Ta ce, "Baba, tashi mu je ka sha farfesu. Gobe muna da tafiya da safe."

Vilmos ya miƙe. Ya yi taku biyu, sai ya tsaya, ya dawo wajen Kálmán. Ya dube shi sama da ƙasa, ya girgiza kai, fuskarsa cike da tausayi.

"Shekara talatin ban taɓa ganin ka yi irin wannan shirmen ba," in ji shi, ya rage murya don kada 'yar ta ji. "Kanka ya fara tafiya, mutumina. Na daɗe da lura, ban dai faɗa ba."



Vilmos ya ɗora hannunsa a kafaɗar Kálmán, sanyin jiƙaƙƙen hannun rigarsa ya ratsa rigar Kálmán har fata.

"Kada ka damu. Ba zan bari su kore ka ba. Lahadi mai zuwa ka zauna kusa da ni kawai, ni zan riƙa lura da kai."