Foldar Kawu

Tunda babban kamfani ya haɗiye namu, aka ce duk kwamfutocin ofis su koma sabon domen, wato sabon gidan da kowa zai riƙa neman izini a cikinsa kafin ya buɗe komai. A bakin mutanen hedkwata aikin bai fi shan ruwa ba. Ni da aka jibga wa shi ni kaɗai, na san ba haka ba ne. Sai in kwashe kayan kowane ma'aikaci, fayiloli da saƙonni da duk tarkacen da ya tara a fuskar kwamfutarsa, in kai sabon asusu, sannan in ba shi izinin da muƙaminsa ya ba shi, ba ƙari ba ragi.

Tun da na fara ban huta da ƙorafi ba. Akawu ya ce hoton 'yarsa ya ɓace, alhali takardu ne ya tula a kan hoton. Sakatariya ta manta kalmar sirrin da ta zaɓa da hannunta, ta tsaya tana hararata kamar ni na sace. Takarda ta maƙale a firinta, aka ce domen ɗina ne. Har direba, wanda ko kwamfuta ba shi da ita, ya tare ni a matakala ya ce wayarsa ta yi nauyi tun da na soma wannan aiki. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙurin ɗaukar laifin da ban yi ba, don haka kowa ya kawo nasa sai ya koma da amsa.

Mutum ɗaya ne bai dame ni ba, shi ne Kawu, yayan mahaifiyata. Ya fi kowa daɗewa a ofishin, kuma shi ya kawo ni. Teburinsa na bakin taga, da filas ɗin shayinsa da tabarau mai igiya. Aikinsa duba oda. Kowace safiya zai buɗe wata folda a kwamfutarsa, ya bi odar kayan da za a fitar ɗaya bayan ɗaya, ya danna amincewa. A gidanmu haka aka san shi: mota ba ta fita daga sito sai da yawun Kawu.

Da na zo kan asusunsa sai na ga a sabon tsarin ba a ba shi izinin oda ba. Foldar ma gaba ɗaya ba ta cikin abin da za a kwashe. Na ɗauka kuskure ne, na tafi wurin Manaja. Yana jin zancen ya tashi ya rufe ƙofa, ya hau sosa ƙeya. Ya ce ai an daɗe da mayar da amincewar oda hannun sabon jami'in sito. Abin da ke faɗawa foldar Kawu kwafi ne kawai, ya danna ko kada ya danna, mota za ta fita. Babu wanda ya iya gaya masa, sai aka bar masa foldar.

Haka ofishin nan yake. Ba a gaya wa babba magana mara daɗi, sai dai a zagaye shi a ci gaba da gaishe shi da ladabi. Na tambayi Manaja me ya hana shi faɗa, tunda shi ne shugaba. Ya ce Kawu ne ya koya masa aiki lokacin da ya zo bai san komai ba, bakinsa ba zai iya ba. Ritayar Kawun ma ta kusa.

"Ki ce masa matsalar na'ura ce," in ji shi. "Ke 'yarsa ce, zai fi jin taki."

Raina ya ɓaci sosai. Sun yi shekaru suna ɓoye abu, yanzu ni za a miƙa wa ƙaryar in kai. Na kira hedkwata na roƙi a bar foldar ta bi mu, ko da ba ta haɗe da komai. Mutumin da ya ɗauka ya ce ba a ba da izini sai da muƙami, sannan ya tambaye ni wane aiki foldar take yi. Na yi masa godiya na ajiye wayar.

Na yi ta jan ƙafa da kwamfutar Kawu har ta zama ta ƙarshe. Amma tsohuwar saba, babbar na'urar da ke riƙe da fayilolin ofis, dole a kashe ta, kuma aka kashe. Washegari ina ɗakin saba na ji ya aiko a kira masa Auta, sunan da yake kirana da shi tun ina goye. Na same shi yana leƙen allon ta saman tabarau. Ya ce foldarsa ba ta zo ba. Na ce ana kan gyara. Ya ce in yi a hankali kada in gaji, shi dai damuwarsa mutanen da ke jiran kayansu.

Gyaran da babu shi ya yi ta tafiya. Kullum sai ya tambaya, kullum in ce saura kaɗan. Mahaifiyata ta kira ni ta wanke ni tas, wai na gyara wa bare na bar ɗan'uwanta yana zaman banza. Na buɗe baki zan yi bayani, na tuna cewa duk abin da ta ji kafin magariba dangi sun ji, sai na haɗiye.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne Kawu zai sauka sito da ƙafarsa ya ba ma'aikatan wurin haƙuri. Ya je ya ce musu su ƙara jira, oda ta taru amma ba laifin kowa ba ne. Ya tarar ana loda mota. Wata ta riga ta kai bakin get.

Bai aiko a kira ni ba wannan karon. Shi ya zo ɗakin saba, inda bai taɓa shiga ba, ya tura ƙofa, ya zauna a kan kwalin tsohuwar firinta.

"Motoci suna fita, Auta."

"E, Kawu."

"Tun yaushe?"

Na gaya masa duka, ban rage komai ba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, fankokin saba suna ta ƙugi. Can ya ce bara da aka kwantar da matarsa a asibiti, kullum sai ya baro ta a gado ya zo, don kada odar mutane ta kwana. Tana roƙonsa ya zauna, yana ce mata aiki ba ya jira. Matar ba ta fito daga asibitin nan da rai ba, kuma dukanmu mun san haka.

Ya miƙe, na bi shi a baya. A babban ofis kowa ya sunkuyar da kai kan kwamfutarsa, alamar labarin sito ya riga mu isowa. Manaja na tsaye a ƙofarsa riƙe da kofi. Kawu ya tsaya a tsakiya, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce yarinyar nan ta lalata masa kwamfuta, ta ɓatar masa da aikin shekaru, yaran zamani ba su iya komai ba sai danne-danne. Tunda haka ne, a bar wa jami'in sito odar ya riƙe, shi ba zai iya da wannan shirme ba.

Yana magana idonsa na kaina, kuma ba fushi na gani a ciki ba, roƙo ne. Akawu ya ɗago. Sakatariya ta daina bugu, tana jiran amsar da ta san ba na rasawa.

Na rusuna na ce, "Laifina ne, Kawu. Ka yi haƙuri."