Bel Ɗin da Ya Tsinke a Hanyar Maƙabarta

Ranar da bel ɗin taimin na injin motata ya tsinke, ina kan hanyar maƙabarta. Ba a ji wata ƙara ta kirki ba. Motar ta yi tari sau ɗaya, ta mutu, na gangara da ita gefen titi.

Tun rasuwar matata nake zuwa kabarinta duk mako. Maƙabartar tana can bayan gari, inda motar haya ba ta kaiwa, gwiwoyina kuwa sun riga ni yin ritaya. Motar nan ce kaɗai hujjata ta ci gaba da zama a gidana. Autata ta daɗe tana so in tattara in koma wurinta, a wani gari mai nisa, inda ta tanadar mini ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon katangar maƙwabci. Duk sanda ta tayar da maganar sai in ce ina da mota, ban kasa ba tukuna.

Mijinta ne ya fara kira.

"Baba, kada ka damu, bel ne kawai. Nawa ya tsinke bara, kafin in gama cin abinci an canja shi. Ni zan biya."

Surukina ba ya karanta komai sai saƙon waya, amma babu abin da ba shi da ra'ayi a kansa.

A gareji, bakaniken ya cire kan injin ya ajiye a kan tsohuwar taya, ya yafito ni.

"Malam, leƙo nan."

"Na leƙa. Ƙarfe nake gani."

"Inji iri biyu ne," in ji shi. "Akwai wanda in bel ya tsinke, fistin da bawul kowa yana gidansa, ba sa taɓa juna. Ka sa sabon bel ka kama gabanka. Irin na surukinka da ka ba ni labari ke nan. Naka kuwa ɗaki ɗaya suke rabawa, bel ne ke tsara musu shiga da fita. Da ya tsinke sai suka yi karo."

Ya zaro bawul ɗaya ya miƙo mini. Ya lanƙwashe kamar ƙusar da aka buga a kankare.

"Guda nawa suka lalace?"

"Tambaye ni guda nawa suka tsira, amsar ta fi gajarta."

"Wane mai hankali ne zai ƙera inji haka?"

"Ya fi ƙarfi, ya fi tsimin mai. Ai ka sha daɗinsa shekara da shekaru, Malam, ba ka kawo ƙara ba."

Ya faɗi kuɗin gyaran. Na sa ya maimaita, ba don ban ji ba.

Da na sanar da surukina, sai layin waya ya fara ba shi matsala. Ashe karamcin nasa daidai da injinsa aka yanka shi. Da yamma Auta ta kira da kanta.

"Baba, gyaran nan ya fi motar tsada."

"Na sani. Ni na koyar da lissafi, ba ke ba."

"To me za ka zauna yi ba mota? In ka faɗi a banɗaki wa zai ji?"

"Maƙwabta. Babu abin da ba sa ji."

"Ba wasa nake ba, Baba. Addu'a ai daga ko'ina tana isa wurin Mama."

Gaskiya ta faɗa. Gaskiya a bakin ɗanka ba ta da daɗin ji.

Na gwada abin da ya rage. Na kira mai sayen tsofaffin takardu ya duba littattafaina. Bai buɗe ko ɗaya ba, sikeli ya ɗora su. Abin da ya bayar bai kai kuɗin bawul ɗin ba, balle aikin hannu. Motar kuwa wani mai sayar da kayan gyara ya saye ta. Ya zagaye ta yana yaba fitilu da ƙofofi, injin bai ko kalla ba.

Auta da mijinta suka zo da safe su tafi da ni. Ta naɗe labule, ta rarraba tukwanen uwarta ga maƙwabta, ta kulle ƙofa ta jefa makullin a jakarta. Aka sa ni a kujerar baya tare da akwati, kamar wanda za a kai asibiti.

Hanyar fita gari ta bi ta mararrabar maƙabarta. Na hango kwanar tun daga nesa. Surukina yana waya da hannu ɗaya, yana yi wa wani bayanin yadda ake zaɓen mota. Auta tana duba ko ta manta maganin hawan jinina. Na gyara murya.

"Baba, ruwa kake so?" in ji ta.

Kafin in buɗe baki mun wuce. Injin nasa yana tafiya lafiya lau, ba ko gargada.

Ba wata doguwar magana nake da ita ba. So nake a tsaya in je in gaya wa matata mota ce ta lalace, kada ta ƙara jirana.