Hannun da Iliasu Ya Tsallake

Gidan Opanyin Dapaa yana bakin Aboabo a Zongon Kumasi, unguwar baƙi, ɗaki goma sha huɗu kewaye da tsakar gida ɗaya, kuma duk na ciki 'yan haya ne: Dagomba, Moshi, Zabarmawa, kowa da garin da ya baro. Mai gidan Ba'ashante ne, tsoho, yana zaune can cikin gari. A cikin 'yan hayan babu wanda ya kai Iliasu magini daɗewa. Shekara ashirin da biyu yana ɗaki ɗaya da matarsa Rakiatu, har ya san kowace tsaga ta bangon gidan.

A 1953 koko, wanda ake cakulan da shi, ya yi daraja, Kumasi ta cika maƙil, masu gidaje suka buɗe ido. Yau a ƙara maka haya, gobe ka dawo daga kasuwa ka tarar da tabarmarka a waje. Iliasu ya tara mutanen gidan ya ce musu tsintsiya ɗaya ba ta shara. Suka je wa tsohon da magana: su za su sake rufin gidan da hannunsu, su ɗaga bangon da ya zube, su ƙara ɗaki huɗu a baya, shi kuma kada ya kori kowa. Tsohon ya yarda, ya zuba giya a ƙasa ya kira kakanninsa shaida, kamar yadda suke yi. Su kuma da suka koma gida suka rantse da Allah a kan abu biyu: in an kori mutum ɗaya duka za su fita, kuma ɗakin wanda aka kora babu ɗan Zongo da zai shiga. Wannan rantsuwar ce ƙarfinsu, don gidan da Zongo ta ƙi sai dai ƙadangaru.

An yi aikin, an kuma yi shi da kyau. Mata na ɗebo ruwa, maza na kwaɓa ƙasa, Iliasu na bisa yana faɗa da duk wanda ya miƙo masa tubali a karkace. Yaw, ɗan tsohon, direban lori ne a tashar Res Kos, shi yake kawo musu kwanon rufi kyauta, ya zauna ya ci tuwon Rakiatu da hannu. A gaban Iliasu ya girma, kuma Iliasu, da Allah bai ba shi haihuwa ba, yana sonsa sosai.

Bayan shekara biyu tsohon ya mutu.

To, a nan ne Iliasu ya yi kuskurensa, kuma kada wani ya ce rashin sani ne. Kowa a Zongo ya san Ashante ba ɗa ke gadon uba ba, ɗan 'yar'uwa ke gadon kawu. Iliasu ya sani da ka, amma abin bai taɓa sauka zuciyarsa ba. A wurinsa ɗa ɗa ne, gida na ɗa ne, sauran duk zance.

Ran Asabar ɗin makoki suka tafi su duka cikin fararen riguna, tsakiyar jama'a masu ja da baƙi. Dangin uwar mamacin na zaune a jere. Al'adar ita ce ka fara daga dama, hannu bayan hannu, ba ka tsallake kowa. A tsakiyar jerin akwai wani mutum siriri mai tabarau, Akwasi Ntim, ɗan ƙanwar tsohon, wanda 'yan gidan ba su taɓa gani ba don a Sekondi yake aiki. Yaw kuwa yana can gefe a kan benci, ya haɗa kai da gwiwa yana kuka. Da Iliasu ya hango shi sai ya manta da komai. Ya wuce jerin nan gaba ɗaya, Akwasi ya riga ya ɗago hannu, hannun ya tsaya a iska. Sauran 'yan hayan suka bi Iliasu kamar yadda ake bin liman. Ya kama hannun Yaw, ya danƙa masa gudummawar da suka haɗa, ya ce da harshen Tuwi, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ka yi haƙuri. Yanzu kai ne mai gidanmu."

Yaw ya ɗago, fuskarsa duk tsoro. "Baba Iliasu," ya ce a hankali, "me ka yi mani haka?"

Da aka yi kwana arba'in dangi suka tabbatar wa Akwasi gadon. Bayan kwana uku takarda ta iso: kowa ya fita kafin ƙarshen wata.

Iliasu bai tsaya kare kansa ba. Ya nemi wani dattijon Ashante mai sayar da katako ya shige musu gaba, don a ƙasar ba ka zuwa ban haƙuri da bakinka. Giya ba za su kai ba, sai suka kai rago da ƙwaryar goro. Iliasu ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gaban Akwasi, wanda ya girme da shekara ashirin.

Akwasi ba mugu ba ne, gaskiya a faɗe ta. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi magana da 'yar Hausar da ya koya a bakin tashar jirgin ruwa. "Wofa na, kawu na, ya zuba abu a ƙasa, ni ba na iya kwashe shi. Gida ku zauna. Amma wannan Baba ya tsaya gaban abusua duka, gaban dangi na, ya ba wani gida. Har yau suna cewa Yaw ya saye ku don ku yi mashi shaida a kotu. In shi ya kwana ƙarƙashin rufi na, sun ce maganan shi gaskiya ne. Shi kaɗai ya fita."

Bayan la'asar aka taru a tsakar gida. Babu wanda bai san abin da ke gabansu ba: sun rantse, an kori ɗaya, saura su naɗe tabarmi. Zuberu mai ɗaurin goro, wanda ke cunkushe da mata da 'ya'ya shida a ɗaki ɗaya, shi ya fara. "Mun rantse. Duka mu tafi." Ya faɗa yana kallon ƙasa, kuma ba wanda ya amsa da ƙarfi.

Iliasu ya bi su da ido. Ga tsohuwa Mamuna da ba ta gani sosai, ta san hanyar bayan gida da ƙafa ne kawai. Ga Habibatu da jaririn kwana tara. Mutum wajen sittin, damina a kai, kuma a Kumasin bana ko kejin kaji ba a samu. Zai iya riƙe su da rantsuwar, ya san za su bi, suna kuka suna tsine masa a ciki.

"Ni na ɗaura, ni zan kwance," ya ce. "Mun rantse don zalunci ne. Wannan ba zalunci ba ne, ƙafata ce ta kai ni. Malamai sun ce kaffara a ciyar da miskinai goma kowa, ko azumin kwana uku ga wanda ba shi da hali. Ku zauna."

Ya jira amsarsu. Abin kunya ne, amma yana so a musa masa, ko sau ɗaya, ko da ƙarya. Mamuna ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Iliasu," sai ya ji numfashin tsakar gidan ya sauka gaba ɗaya. Abin da ya roƙa suka ba shi, kuma ya yi masa ciwo fiye da takardar Akwasi. Rakiatu ta tashi ta shiga ta fara sauke kwanukanta daga kan kabad.

Sun sami wata rumfa a Oforikrom wajen wani ɗan garinsu. Da safe, ana ɗora kaya a amalanke, kowa ya fito taya su, har an rasa abin ɗauka. Yaw bai zo ba, danginsa sun hana shi taka unguwar. Iliasu ya koma ya duba ko an bar wani abu, sai ya ga Zuberu tsaye a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Baba Iliasu, ka gafarce ni. Rantsuwan nan da ka kwance... duka biyu ne? Har da na ɗaki? Yara sun girma, mata da maza wuri ɗaya. Wallahi kunya nike ji."

Iliasu ya daɗe yana kallonsa. Ya so ya yi fushi, ya nema bai samu ba, don ya san ɗakin Zuberu, shi ya shafe bangonsa.

"Har da na ɗaki," ya ce. "In ruwa ya sauka ƙofar tana kumbura. Kada ka tura da ƙarfi, ɗaga ta kaɗan sama, za ta buɗe."

Ya miƙa masa makulli, ya fita ya bi amalanken.